Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Chapman, mohito da pina kolada a gida ba tare da barasa ba

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun karkata ne ga haɗe-haɗen abin sha da ake kira koktel, irin waɗanda ake gani a otal-otal da wuraren biki.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Zariya. Ta ce tana son haɗa Chapman don walimar ƙanwarta, sai aka ce mata akwai giya a cikinsa. Shin gaskiya ne?

To Hajiya, wanda ya faɗa miki ya kyauta. Chapman abin sha ne na Najeriya, a Legas ya yi suna, kuma yawancin kayan haɗinsa ba su da wata matsala: Fanta, Sprite, jan ruwan zaƙin nan da ake kira grenadine, lemun tsami, kokwamba da ƙanƙara. Inda gizo ke saƙar shi ne wata 'yar kwalba mai suna Angostura, wadda ake ɗigawa don ɗaci da ƙamshi. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya fara haɗa ta a 1824 a ƙasar Venezuela a matsayin maganin ciki, yanzu kuma a Trinidad ake yin ta. Barasar da ke cikinta kashi 44.7 ce cikin ɗari, wato ta fi ta wuski na yau da kullum. Ɗigo uku ko huɗu ake sakawa, amma ga wanda ke gudun barasa, ɗigon ma ya isa. Wasu masu haɗawa har Campari suke ƙarawa, ita ma giya ce. Saboda haka in kin je waje, ki tambaya kafin ki sha.

A gida kuwa, ki tafasa zobo mai kauri da ɓawon lemun zaƙi da kanumfari da 'yar citta, ki tace, ki bari ya huce. Zobon zai ba ki ja da tsami, ɓawon lemun ya kawo ɗacin da ake nema. Ni dai a ganina wannan ya fi na kwalba daɗi. Kada ki zuba Fanta da Sprite sai baƙi sun zauna, don kada gas ɗin ya fice.

Sai wani matashi daga Maraɗi, yana tambaya ko mohito da pina kolada za su yi armashi in an cire musu giya.

Malam, za su yi. Mohito daga Kyuba ya fito, asalinsa giyar rake ce da lemun tsami, na'a-na'a, sukari da ruwan soda. In ka cire giyar, sai a rasa ɗan zafin da take bayarwa a maƙogwaro, don haka ka matse ɗanyar citta cokali ɗaya a ciki. Ka kula da na'a-na'ar sosai: dannawa ake yi a hankali da bayan cokali har ƙamshi ya tashi. In ka dandaƙe ganyen, ɗaci zai fito ya ɓata maka kofin.

Pina kolada kuma ta Puerto Rico ce, har sun ayyana ta a matsayin abin shan ƙasa a 1978. Asalinta giyar rake ce da abarba da madarar kwakwa, sai ka bar giyar. Ka goga kwakwa, ka zuba ruwan ɗumi kaɗan, ka matse a tsumma mai tsabta. Abarbar kuwa ka yanka ka sa a firiza ta daskare, sannan ka niƙa su tare a bilenda. Haka zai yi kauri ba tare da ƙanƙara ta tsinka shi ba. Ka matsa rabin lemun tsami, in ba haka ba zaƙi da maiƙo za su gundure ka tun kafin ka kai rabin kofi.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa ce a zangon Kumasi, ta ce sukari yana kwanta mata a ƙasan kofi. 'Yar'uwa, sukari ba ya saurin narkewa a ruwan sanyi. Ki dafa kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa har ya narke, ki adana a kwalba cikin firji, ki riƙa zubawa da cokali kina ɗanɗanawa.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.