Kyamararka tana kwance a jaka, ɗan'uwanka na neman haya

Assalamu alaikum jama'a, yau magana ce da masu ɗaukar bidiyo, masu sutudiyo, editoci da 'yan wasan kwaikwayo na nan Katsina da Daura.

Ku duba lokacin Hawan Sallah a ƙofar soro, ko Sallar Gani a Daura, masu kyamara sun cika wuri amma kowa shi kaɗai yake fama, wannan yana da kyamara mai kyau ba shi da mayik, wancan yana da dron amma kwamfutarsa ba ta iya jan editin, wani kuma ya iya editin sosai sai dai ko janareta ba shi da ita, ga fetur tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda ake ciki. Kayan nan fa akwai su a garin nan, a warwatse suke kawai.

Kuma haɗa kai a yi aiki tare ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Turmin Danya da ya fito a Kano a 1990, wanda ake cewa da shi finafinan Hausa na bidiyo suka fara, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi. Gayya ce irin ta gona, yau a taru a naka gobe a nawa.

To yaya ake yi? Mutum biyar ko shida sun isa. Ku buɗe guruf a WhatsApp kowa ya rubuta abin da ya mallaka da ranakun da ba ya aiki da shi, ku kama shago ɗaya a raba kuɗin haya, sannan ku zuba adashi a sa sola, don editin ba ya son wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Amma inda nake so ku tsaya ku saurara shi ne rubuta yarjejeniya, don wallahi nan zumunci yake lalacewa. An ba ka aron kyamara gilashin ya fashe a lokeshan, wa zai biya? Kun ɗauki bidiyon rijiyar Kusugu tare, bayan wata uku ɗayanku ya ɗora a YouTube ɗinsa kuɗi sun fara shigowa, na wane ne? Mai sauti ya kwana yana gyara murya, a ƙarshen fim babu sunansa, wannan cin haƙƙi ne kuma yana da ciwo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma cewa ta yi mallaka wa wani haƙƙin aikinka sai a rubuce. Takarda ɗaya ce, a sa ranar karɓa, ranar dawowa, kason kowa, a sa hannu gaban shaidu.

Hukumomi ma ku je musu a ƙungiyance. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, gidajen rediyo, wasiƙar ƙungiya mai shugaba da sakatare ta fi saurin samun amsa kan mutum ɗaya da ya zo da baki. Sai ku tanadi kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya ku riƙe.