Da Sunanta Aka Yi

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da ta ishe ni. Da an ɗauko zancen Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu, wadda ta rasu ranar 8 ga Satumban 2022 bayan shekara 70 a gadon sarauta, sai wani ya yi caraf ya ce, "Ai ba ta da iko, 'yan siyasa ke mulki." To, mun ji. Amma bakin nan ne zai juyo ya ce ita ta riƙe ƙungiyar ƙasashe renon Ingila har ta ɗore. Wato in abin yabo ne nata ne, in na kunya ne na wasu?

Mu je Kenya. A can take cikin Fabrairun 1952 mahaifinta Sarki George na Shida ya cika, sarauta ta faɗo mata. Wata takwas bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci kan 'yan Mau Mau masu neman ƙasarsu. Fiye da mutum 1,000 aka rataye. A 1956, shekarar da aka yi mata hawan daba a Kaduna, dawaki na jahi algaita na tashi, a shekarar ce aka harbi jagoran 'yan Mau Mau Dedan Kimathi aka kama shi. Ku duba takardar shari'arsa: Sarauniya ce mai ƙara. Da sunanta aka rataye shi a 1957. A sansanin Hola, 1959, an lakaɗa wa fursunoni 11 duka da kulake har suka mutu, hukuma ta fara da cewa wai gurɓataccen ruwa suka sha. Da sunanta.

Za a ce tsarin mulki ya ɗaure mata baki. Haba! Kowane mako tana ganawa da firaminista su biyu, ba mai rubuta abin da aka faɗa, kuma firaminista 15 ta gani, daga Churchill har Liz Truss. Wataƙila a bayan ƙofa ta tsawata, na bar wannan. Amma a 2011 ta je Dublin, ta ajiye furanni, ta sunkuyar da kai a gaban wurin tunawa da 'yan Ailan da suka yaƙi Ingila, duniya na kallo. Ashe kan yana sunkuyawa in an so.

To ina na Kenya? Sai da tsofaffi masu dogara sanda suka kai ƙara kotun Landan, sannan a 2013 gwamnatin Ingila ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, kan ƙarar mutum 5,228. Ministan harkokin waje William Hague aka tura ya faɗi nadama a majalisa. Ita kuwa, da ta rayu shekara 9 bayan nan, ko uffan ba a ji ta ce ba kan abin da aka yi da sunanta.