Lacca: Tazarar Da Ake Bari Tsakanin Shafin Ifoksi Wajen Lulluɓe Jirgin Katako

Assalamu alaikum, jama'a. Tambayar da masu aikin jirgin ruwa suka fi yi ita ce: bayan an shimfiɗa ƙyallen faiba (ƙyallen zaren gilashi) a jikin jirgi an jiƙa shi da ifoksi (wani ruwan gam mai ƙarfi da ke ƙanƙarewa in an haɗa shi da sinadarin daskarwa), awa nawa za a jira kafin shafi na biyu? To, agogo kaɗai ba zai ba ku amsa ba, domin zafin gari ne ke tafiyar da aikin. Duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, lokacin daskarewa na raguwa da kusan rabi.

Ku ɗauki ifoksin kamfanin West System misali. Sinadarin daskarwa mai lamba 205, wanda ake haɗawa kashi 1 da kashi 5 na ruwan ifoksi, minti 9 zuwa 12 yake yi a kofi kafin ya fara daskarewa a digiri 22. Mai lamba 206 kuma minti 20 zuwa 25. Wanda ke aiki a Yawuri ko bakin Tafkin Chadi a watan Afrilu, ya san wannan lissafin ba na zafinsa ba ne. Ya nemi mai jinkirin daskarewa, ya riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, ya juye a faranti mai faɗi, don in ya taru a kofi yakan ɗau zafi har ya yi hayaƙi.

Yanzu ga asalin maganar. Shafin farko na bi ta matakai: ruwa-ruwa, sai danƙo, sannan ya ƙanƙare. A matakin danƙo ake son na biyu ya hau, saboda sinadaran ba su gama ɗaurewa ba, sabon shafin zai haɗe da na ƙasa su zama jiki ɗaya. Ku sa safar hannu ku taɓa: in yana kama yatsa kamar salatif amma bai biyo safar ba, lokaci ya yi. Ko ku dangwala auduga. In zarenta ya maƙale, ku shafa.

In kun yi gaggawa tun yana ruwa, ƙyallen zai taso daga jikin katako ya yi iyo a cikin ifoksin, gefen jirgi kuma ya riƙa zuba. Nauyi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu.

In kuma kun makara har farce ba ya iya lotsa shi, sai a canza hanya. Sau da yawa wani maiƙo mai kama da kaki kan fito a samansa, musamman in akwai raɓa ko damina ce. Wannan maiƙon ne ke sa shafi ya ɓare daga baya. Ruwa ke wanke shi, ba tina (sinadarin tsinka fenti) ba. A wanke da ruwa da soso mai kaushi, a goge da tsumma mai tsabta, ya bushe, sannan a bi shi da sanfefa mai lamba 80 har ƙyallin ya mutu. Don Allah kada a fara gogewa kafin wanki; maiƙon zai toshe sanfefar, ya kuma shige cikin ƙarcen. Kada kuma gugar ta kai ga zaren ƙyallen, don shi ne ƙarfin aikin.

Shi ya sa ya fi kyau a tsara ranar tun farko: shafin jiƙa ƙyalle, da biyu ko uku na cike saƙar, duk a jere. Ƙyalle mai nauyin giram 200 a murabba'in mita ba ya buƙatar fiye da haka yawanci. Shafin da ke hawa kan katako tsirara kuwa a yi shi lokacin da zafi ya fara sauka, domin katakon da ke ɗumama yana fitar da iska, ta bar ƙuraje a ƙarƙashin ƙyallen. Rarar ƙyalle a baki-baki a yanke ta da wuƙa tun yana danƙo.

Ƙurar ifoksin da bai gama ƙanƙarewa ba tana jawo ƙaiƙayin fata da ciwon ƙirji, don haka takunkumi da safar hannu dole ne. Fenti ko banish kuma sai ifoksin ya ƙanƙare sarai, an wanke an goge, amma dole a shafa shi, domin hasken rana na lalata ifoksin da aka bari ba rufi.