Maganar tafiya gidan gonar Kolorado: kuɗin ajiya tukuna

Jama'a, takardar suna ta cika har baya, amma asusu bai ce haka ba. Rabin waɗanda suka rubuta suna ba su biya kuɗin ajiya ba. Masu gidan gonar nan, da ke saukar baƙi masu hawan doki a jihar Kolorado ta Amurka, ba su san "in Allah ya kai mu" ba. Lokacin bazara shi ne kakarsu, ɗakunan ƙidayayyu ne, dawakin ma ƙidayayyu, kowane baƙo da dokin da ake ware masa na mako guda. In wata ya mutu ba su ga kuɗi ba, wasu za su ba. Abin da muka riga muka tura kuma ba a mayarwa, kuɗin ƙungiya ne, kuɗin marayu da jana'iza aka ranto.

Rahoton kwamitin walwala yana kan tebur, kowa ya ɗauka ya karanta a gida. An amince da bayanin taron da ya gabata. Mu koma kan tafiya.

Ranar Lahadi ake shiga, don haka jirgin safe za a nema zuwa Denba, babban birnin Kolorado. Agogon can yana bayan namu na gabashin Amurka da awa 2. Tun 7 ga Mayun 2025 lasin tuƙi da ba REAL ID ba, wato wanda bai cika ƙa'idar tsaro ta gwamnatin Amurka ba, ya daina wadatarwa a filin jirgi, a duba tauraro a saman katin, shi ne alamar REAL ID. Wanda ba shi da shi ya riƙo fasfo ko girin kad. Jaka kada ta wuce kilo 23. Daga filin jirgi motocin haya masu kujera 15 za mu shiga, kuma wanda aka rubuta sunansa a takardar haya shi kaɗai zai tuƙa, in wani ya karɓi sitiyari aka yi haɗari, inshora ba ruwanta. A sauke taswira a waya tun a gari, don cikin duwatsu sabis ɗaukewa yake. Motocin nan ma ba za mu iya kamawa ba sai mun san mutum nawa ne, kuma ba za mu sani ba sai an biya.

Abin da na fi so a saurara shi ne tudu. Denba kanta mita 1,609 take sama da teku, gidan gonar kuwa ya haura mita 2,400, wato ninkin Jos. Iskar can ba ta ƙosar da huhu kamar ta nan. Ciwon kai, haki, rashin barci, tashin zuciya, duk ana ganinsu kwana ɗaya zuwa biyu na farko. A yawaita shan ruwa, ranar farko kada a yi gudu ko hawan dutse. Amma masu sikila, wannan ba maganar shan ruwa ba ce kawai. Ƙarancin iska yana tayar da ciwon, har mai AS da bai taɓa kwanciya ba saifarsa tana iya samun matsala a irin wannan tudu. Iyaye, don girman Allah, kada kunya ta hana ku. A kai yaro wurin likita kafin a sayi tikiti. Haka masu hawan jini, masu ciwon zuciya da masu juna biyu. Asibiti ba kusa yake ba, kowa ya zo da maganin da zai ishe shi kwana goma, a jakar hannu.

Sutura: da rana zafi mai ƙona fata, da asuba sanyi da ya fi na hunturun Kano, ko a watan Yuni. Rigar sanyi mai kauri dole ce. Na hawa kuma, dogon wando mai kauri da takalmi mai dunduniya, don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa, in aka faɗi doki ya ja mutum. Alhazai, babbar riga ta zauna a ɗaki, iska na kaɗa ta doki zai firgita. Iyayenmu mata, hijabi gajere a cusa cikin riga, saboda rassan itace. Yara hular kwano. Akwai iyakar nauyi, wajen kilo 110, kuma awo suke yi, don haka a rubuta gaskiya a fom. Takardar sallamar alhaki kuwa uba ko uwa ne za su sa wa yaro hannu, ba kawu ba.

Abinci sau uku yana cikin kuɗin, amma karin kumallon mutanen can da naman alade yake tafiya. Mun nemi a ware mana kasko da tukwane. Naman halal a Denba za mu saya a daskare, mu zuba a kula da ƙanƙara. Yaji, kuka, daddawa, garin tuwo, a zo da su. Masu shirin gasa tsire su dakata, in fari ya yi tsanani hukuma tana hana hura wuta a waje. Kada a bar abinci a mota ko bakin ƙofa, akwai namun daji. Alƙibla arewa maso gabas ce, kowa da dardumarsa. A kuma ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ihsanin ma'aikata, al'adar wurin ce, kada a ce Hausawa sun zo sun tafi hannu rufe.

Mu da muka tashi muna kallon hawan daushe da hawan Nassarawa, 'ya'yanmu a talabijin kaɗai suka san doki. Yaro ya kai shekara goma bai taɓa riƙe linzami ba! Don su aka shirya wannan, kuma kuɗin ajiya ne zai hana su? Wanda abin ya yi wa nauyi ya same ni a gefe, za a raba masa biyu, ba mai ji. Wanda ya fasa ya faɗa yau, mu soke sunansa. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafin rasit, ta gabansa za a bi kafin a je wurin shinkafa.