Lasisi a Aljihu, Hawan Kibo a Gaba

Wannan lacca ce da wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ya koma koyar da tuƙi, ya yi wa matasa a wani taron unguwa a Jos. An rubuto ta ne daga muryar da aka naɗa, an ɗan rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen taro, malamai, 'ya'yana maza da mata, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan koyon tuƙi da cin gwajin lasisi. Ni dai boko bai yi nisa da ni ba, abin da sitiyari ya koya mini shi zan faɗa.

Masu lasisi a nan ku ɗaga hannu. Madalla, kuna da yawa. Kada ku sauke tukuna. To, wanda ya san jami'in VIO, wato masu duba lafiyar mota da gwada direbobi, ya shiga mota ya zauna a gefensa, ya ce ja mu je, ya gwada shi kafin a ba shi katin nan, shi kaɗai ya bar hannunsa a sama. (Dariya.) Kun gani ko? Hannu uku suka rage, na ukun ma ina jin ƙeya yake sosawa. Sauran duk a zaune aka kawo muku har gida, kamar katin ɗaurin aure.

Ni a yaron mota na fara. Shekara huɗu ina wanki, ina ɗaurin kaya, ina sa weji. Yaran yanzu ba su san weji ba: katakon nan ne da ake cusawa a bayan taya idan mota ta tsaya a hawa. Mota na tsayawa ka diro da gudu da shi a hannu, in ka yi nawa ka sha zagi har na kakanni. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa sitiyari ba sai a shekara ta uku, shi ma ribas kawai, a cikin tasha. Da na ga na fara iyawa sai kai ya kumbura, na tafi gwaji ina taƙama. Jami'in ya zagaya da ni cikin gari bai ce uffan ba, har muka iso wani hawa, ya ce tsaya nan. Ya fita, ya laluba aljihu ya ciro kwalin ashana, ya ajiye a bayan tayar baya, tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ya dawo ya zauna ya ce bismillah. Ni kuma ga rawar jiki, na sauke hambirki tun kuloci bai kama ba. Motar ta sulale baya, na ji ƙaras. Ya fita ya ɗauko kwalin a baje kamar ƙosan da aka taka, ya miƙo mini ta taga, ya ce, "Yaro, ka biya ni ashanata, in ka iya ka dawo." Ranar na ji haushinsa ƙwarai. Yau kuwa addu'a nake yi masa.

Mu mutanen Jos Allah ya ɗora mu a kan dutse. Garin nan ya haura mita 1,200 a bisa teku, kuma duk hanyar da ka bi za ka fita, ta Akwanga ce, ta Bauchi ce, ta Zariya ce, sai ka gangara, in za ka dawo kuma sai ka hau. Bakano zai iya shekara goma yana tuƙi a ƙasarsu mai shimfiɗe kamar faifai bai san amfanin hambirki ba, Kanawan da ke nan ku yi haƙuri. Mu ba mu da wannan gatan. Saboda haka bari in daɗe a kan tashi a hawa, don a nan ake gane direba.

Ka tsaya, ka ja hambirki. Ka taka kuloci har ƙasa, ka sa lamba ɗaya. Ƙafar dama ta koma kan totur, ka ba shi wuta kaɗan, ka riƙe haka. Sai ka fara ɗago ƙafar hagu a hankali, kamar mai tafiya a ɗakin da jariri ke barci. Akwai inda za ka kai ka ji kukan inji ya sauya, ya yi ƙasa, gaban motar ya ɗan ɗaga, tana tsuma kamar dokin da ke jiran a sakar masa linzami. Nan ne kuloci ya kama. Ka tsayar da ƙafarka cak a wurin. Ka dubi madubi, ka waiga ta kafaɗa, ka ba da sigina, sannan ka sauke hambirki. Da kanta za ta tafi. Motar kuma ba ta ɓoye maka laifinka. In ta mutu, ka yi garajen sakin kuloci. In ta koma baya, ka sauke hambirki da wuri, kamar yadda na yi. In kuwa ka ji ƙauri yana tashi, wuta ta yi yawa, kana cinye wa mutane kuloci, bakanike na can yana jiranka da murna. Ban san wata dabara ba sai maimaici: sau ashirin yau, sau ashirin gobe, har ƙafar ta haddace ba sai ka tuna mata ba.

Amma hawa kunya kawai yake ba ka. Gangara ita ke cin rai.

Duk wanda ke nan ya san Hawan Kibo, can bayan Riyom a hanyar Akwanga. Da wuya a sami gida a unguwar nan da ba a taɓa zaman makoki ba saboda wurin nan. Ana cewa aljanu ne. Ni na bi shi da kaya sau ba adadi, abin da na gani da idona shi ne firi da ɗora ƙafa a kan birki. Firi kun san shi: direba ya cire giya ya bar mota ta gangara da nauyinta, wai yana tattalin mai. Wani ma har ya kashe inji. To ku saurara. Motocin yanzu masu injekta, idan kana gangara a cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, da kansu suke yanke mai, don haka mai firi ko tattalin ma bai yi ba. Wanda ya kashe inji kuwa, taku biyu ko uku birki zai yi masa tauri kamar dutse, sitiyari ya yi nauyi, don injin ne ke taimaka musu.

Shi birki gogayya ce. Ku goga tafin hannunku da ƙarfi yanzu. Kun ji zafi? To haka yake yi, sai dai shi tan-tan na ƙarfe yake tarewa. Idan ka ɗora masa ƙafa tun daga saman dutse ba ka ɗaga ba, zai yi zafi har ya daina kamawa, man birki ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta lume kamar ka taka soso. Tirela kuma da iska take birki, yawan tattakawa yana zubar da iskar fiye da yadda take taruwa. Abin da maigidana ya koya mini tun ina riƙe da weji shi ne, lambar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Kuma tun kafin gangarar ta fara za ka sa ta, don in mota ta riga ta ɗauki gudu giyar ba lallai ta shiga ba. Inji ya riƙe motar, birki ya zama ɗan taimako, jefi-jefi ka taka ka saki. In kana ƙaramar mota kuma ka hango tirela a madubi tana matsowa, ko ka ji warin birki, kada ka tsaya jayayya, ka nemi wuri ka ba ta hanya. Wanda aka kawo wa lasisi har gida, wa ya gaya masa wannan? Katin ba ya magana.

Hanyar samun lasisin ta gaskiya ba ta da wani sirri. Sai ka cika shekara 18. Na haya kuwa, mai ɗaukar fasinja ko kaya, sai 26. Ka shiga makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta amince da ita, ka yi zama 26 na darasi. Ka karɓi takardar izinin koyo, ka liƙa jan harafin L gaba da baya, kuma kada ka fita sai da mai lasisi a gefenka. Na san samari ba sa son L ɗin nan, wai za a ce musu lana. To ai lanan ne kai, ɗana, gara a sani a ba ka wuri. Daga nan makaranta ta miƙa ka ga VIO su gwada ka. In ka ci, ka cike fom a intanet, ka biya kuɗi ka riƙe rasit, hukumar tara haraji ta jiha ta sa hannu, ka je da ƙafarka FRSC ta ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka na wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito, na shekara uku ko na biyar, gwargwadon abin da ka biya. Aji kuma daban-daban ne: A na babur, B na ƙaramar motar gida, G na tirela. Mai B ba shi da hurumin hawa kan tanka.

Ku riƙe maganar zuwa da ƙafa. Duk wanda ya ce kawo hoto da kuɗi ka koma gida ka kwanta, ka tambaye shi yatsun wa za a ɗauka. Wani yaro da ya fara koyo a wurina ya gaji a zama na shida, ya bi ta hannun ɗan kamasho. Kati ya fito fes, har ya zo yana kaɗa mini shi. A hanyar Abuja aka tsayar da shi, aka buga lambar a na'ura, babu ita babu dalilinta. Kuɗi sun tafi, ɗan kamasho ya kashe waya, shi kuma ya wuni a gefen titi yana rantse-rantse.

Na ji wasu na cewa hukumar FRSC ɗin nan don cin tara aka yi ta. Ni na yi tuƙi tun ba ta. A 1988 aka kafa ta, zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Lokacin da suka fara matsa wa mutane a kan ɗaura bel a 2003, har da ni a masu gunaguni, yanzu kuwa ko daga nan zuwa Faringada ba na tayar da mota ɗalibi bai ɗaura ba. Lambarsu ta gaggawa 122 ce, ku sa a waya.

Ranar gwaji, abin da ke kayar da mutane ƙanana ne. Mutum ya shiga bai gyara kujera ba, bai gyara madubi ba, bai ɗaura bel ba, jami'i ya riga ya fara rubutu tun ba a murɗa makulli ba. Sai ribas, sai fakin tsakanin motoci biyu, sai alamomin hanya. Mai kusurwa uku gargaɗi ne, zagayayye mai jan baki hani ne, shuɗin zagaye umarni ne. Layin da bai tsinke ba a tsakiyar kwalta, ba a tsallaka shi don wuce wani. Sai uwa uba shataletale. Ina yaro ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, ƙasar nan ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, don mu daidaita da maƙwabta, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, wadda ake kira Benin yanzu. Tun ranar, wanda ya riga ka shiga shataletale, yana zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma je ka tsaya a Terminus ko Polo da yamma, sai ka rantse sanarwar ba ta iso Jos ba. Kowa ya cusa kai, mai keke ya shiga ta ƙarƙashin hammatarka, sai ham ke tashi. Kada ka koyi tuƙi daga abin da kake gani a wurin.

Gudu kuma, doka ta ce ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Masu lissafi ku duba mini: mai gudun 100 yana cin mita kusan 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka sunkuya ka dubi waya na daƙiƙa uku, ka shafe kusan tsawon filin ƙwallo ido a rufe. In kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai sau huɗu yake ninkuwa. Tazara tsakaninka da na gaba, ka sa ido a kan wata fal-waya: yana wuce ta ka fara La haula wa la ƙuwwata illa billah a natse, ko wata addu'ar da ka saba mai tsawon haka. In ka iso fal-wayar ba ka ƙarasa ba, ka matse shi da yawa. Da damina ko lokacin hazo, ka karanta sau biyu.

Na ga hannu a can wajen mata. Na'am, Hajiya?

(Ta ce maigidanta ne ke koya mata, kullum sai sun dawo ba sa magana da juna, kuma motar atomatik ce, ko duk wannan bayani ya shafe ta.)

Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Alhaji yana nan? To, Alhaji, ka ji dai. Miji yana kallon bamba da fenti, malami yana kallon ƙafar ɗalibi, shi ya sa. Ka biya mata makaranta, a zauna lafiya, dama ko ka koya mata sai ta kawo shaidar makarantar kafin a gwada ta. Maganar atomatik kuma, ta raba ki da kuloci, amma ba ta raba ki da gangara ba. Ki dubi jikin giyar, ƙasa da D za ki ga 2 ko L, wasu kuma alamar ragi ce da ƙari. Don irin Hawan Kibo aka yi su. Kuma ƙafa ɗaya ake tuƙa ta da ita, ta dama, ta hagun ki ajiye ta gefe ta huta.

An yi mini alama lokacin sallah ya gabato. Masu son gwada tashi a hawa, har da ku masu lasisin zaune, ranar Asabar bayan asuba, kafin keke su cika titi, mu haɗu a hawan bayan makarantar nan. Zan zo da tsohuwar motata. Kowa ya taho da kwalin ashanarsa, ni ba zan saya wa kowa ba.