Wace Irin Basira Ce Ke Riƙe Nahawun Turanci?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Akwai ɗalibin da zai zuba maka Turanci har ka ɗauka a Landan ya tashi, amma da an zo WAEC ko JAMB, tambayoyin nahawu su kayar da shi. Akwai kuma wanda zai cinye tambayoyin cike gurbi kaf, amma ka ce ya miƙe ya yi magana ta minti ɗaya, sai bakinsa ya mutu. Babu daƙiƙi a cikinsu. To me ya raba su?

A shekarar 1983, wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard a Amurka, Howard Gardner, ya ce basira ba abu ɗaya ba ce da za a auna da lamba guda a ce an gama da mutum. Ya lissafa iri bakwai: ta harshe, ta lissafi da bin hujja, ta kiɗa da sauti, ta sarrafa jiki, ta hango siffa da wuri, ta fahimtar mutane, da ta sanin kai. A cikin shekarun 1990 ya ƙara ta takwas, wato gane dabbobi da tsirrai. Malaman makaranta sun yi na'am da ra'ayin nan sosai, domin ya ɗaga darajar yaron da aka daɗe ana yi wa kallon marar ƙwaƙwalwa. Sai dai masana da dama ba su gamsu ba. Tun 1904 Charles Spearman na Ingila ya lura cewa wanda ya yi kyau a fanni ɗaya, galibi yakan yi kyau a sauran, kuma har yau gardamar ba ta mutu ba.

Mu koma kan nahawu. Da jin jerin nan, kowa zai ce ai basirar harshe ce maganinsa. Tana da rabonta, amma nahawu ya fi kusa da lissafi fiye da yadda muke zato, don aiki ne na gano tsari.

A 1959, John Carroll da Stanley Sapon suka fitar da wata jarrabawa a Amurka don hasashen wanda zai yi saurin koyon baƙon harshe. Carroll ya ce abu huɗu ne ke aiki: kunnen riƙe sabon sauti, ƙarfin hadda, iya ciro ƙa'ida daga misalai, da gane aikin da kalma take yi a cikin jimla. Bari mu gwada na ƙarshen da Hausa. "Audu ya sayi rago." Ku riƙe Audu. Ga jimla ta biyu: "Jiya da dare ruwan sama ya rushe katanga." Wane ne yake aikin Audu a nan? Ruwan sama. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya yi nahawun Larabci, tuni ya ce fa'ili ne. Shi ya sa nake ganin ɗaliban Islamiyya da na zaure suna ɗauke da jarin da ba su san suna da shi ba. Wanda ya iya li'irabi ya riga ya horar da idon da nahawun Turanci yake nema, kalmomin ne kawai za su sauya.

Sai binciken Fred Genesee a Kanada, a 1976, kan yara masu jin Turanci da ke koyon Faransanci. Ya tarar cewa makin gwajin basira yana tafiya tare da iya karatu da iya nahawu, amma bai cika nuna wanda zai iya saurare da hira ba. Ga amsar ɗalibanmu biyu ke nan. Ɗaya ya kwashi harshen ta kunne da cuɗanya da mutane, ɗayan ya kwashe shi ta ƙa'ida, jarrabawa kuwa ta fi tambayar na biyun.

Yanzu ga inda ake zamewa. Za ka ji an ce: kai ɗan waƙa ne, to da waƙa kawai za a koya maka, ke kuma mai son zane ce, sai da hoto. Gardner da kansa ya fito a 2013 ya ce a daina haɗa ra'ayinsa da batun "salon koyo". Kafin nan, a 2008, Harold Pashler da abokan aikinsa sun tace binciken da aka yi, ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa koyar da kowa da salon da ya fi so yana ƙara masa fahimta. Darasin ne yake zaɓar hanyar da ta dace da shi.

Ga misali. Rera "go, went, gone" ko "eat, ate, eaten" hanya ce mai kyau, domin waɗannan hadda suke so, mu kuwa hadda ba baƙuwarmu ba ce. Amma waƙa ba za ta gaya maka lokacin da za ka ce "I ate" da lokacin "I have eaten" ba. Bahaushe "na ci abinci" yake cewa a duka biyun, shi ya sa "I have eaten yesterday" take yawan suɓuce mana, alhali Bature ba ya haɗa wannan siga da lokacin da aka ambata ya wuce, kamar jiya ko bara. Wannan sai an jera jimloli, an kwatanta, an gano da kai. A nan zana layin lokaci a allo yana taimaka wa kowa da kowa, ba mai son hoto kaɗai ba.

Hausar ma tana ba mu wasu abubuwa kyauta. Muna bambanta "ya zo" da "ta zo", don haka "he" da "she" ba sa ba mu wahala kamar wanda harshensa bai raba namiji da mace a wakilin suna ba. Bambancin "mota" da "motar" ma yana kusantar da mu ga "a car" da "the car", ko da yake ba ko'ina suke dacewa ba. Inda take yi mana tarko shi ne, a wurinmu mota "ta lalace", Turanci kuwa "it" yake so.

To ga aikin gida. Ku ɗauki sakin layi ɗaya daga jaridar Turanci, ku ja layi ƙarƙashin duk inda aka ce "has" ko "have" tare da aikatau, ku duba ko an ambaci lokaci a jimlar. Sannan ku rubuta jimla biyar naku, ku karanta wa wanda ya fi ku, ya gyara muku a take. A bidiyo na gaba za mu ɗauki harafin "s" ɗin nan da ke maƙale a "he goes", mu ga dalilin da ya sa har waɗanda suka san ƙa'idarsa suke mantawa da shi in magana ta yi zafi.