Darasi: Me Ya Sa Saƙon Kumbo Ke Hawa Sama Kafin Ya Sauko Ƙasa?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin kimiyya. Yau zancen taurarin ɗan'adam za mu yi, amma ba waɗanda ke kawo mana ƙwallo a talabijin ba. Akwai wasu da ba ruwansu da gidajenmu. Aikinsu su karɓi saƙo daga kumbo su miƙa wa mutanen ƙasa, su karɓi na mutanen ƙasa su miƙa wa kumbo.

To, me ya hana kumbon magana da ƙasa kai tsaye? Ku biyo ni. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda 'yan sama jannati ke zaune a ciki, nisanta da mu kusan kilomita 400 ne kacal. Gudun tsiya take yi, cikin minti 90 ta zagaye duniya, kusan sau 16 ke nan a kwana ɗaya. Ita kuma duniya a dunƙule take, kuma irin igiyar rediyon da ake aiki da ita a miƙe take tafiya, ba ta shan kwana. Saboda haka idan ka kafa eriya a ƙasa, kumbon zai ɓullo maka daga wancan gefe, ka same shi na kamar minti 10, ya faɗa ɗaya gefen. Shi ke nan, sai shiru.

Dabarar farko da aka yi ita ce a jera tashoshi a kewayen duniya, wannan ta saki waccan ta kama. A nan Kano ta shigo labarin. Lokacin shirin Mercury, wanda Amurka ta fara tura mutum sama da shi, hukumar NASA ta kafa tashar bibiya a Kano, wata a Zanzibar, wasu a Ostireliya, wasu ma a kan jiragen ruwa. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 da John Glenn ya zagaya duniya sau 3, Kano na cikin masu sauraronsa. Amma wannan hanya wahala gare ta. Yawancin duniya teku ne, kuma kowace tasha sai da yardar mai ƙasa. Ta Zanzibar, da aka yi juyin juya hali a 1964, rufe ta aka yi. Duk da kuɗin da ake zubawa, kumbon da ke kusa da ƙasa ba ya samun magana sai a kusan kashi 15 cikin 100 na zagayensa.

Sai masana suka ce, maimakon kumbo ya nemi eriya a ƙasa, ya nemi ta a sama da shi mana. Mutum biyu a lunguna daban na cikin birni ba sa ganin juna, amma wanda ke saman Dala yana hango su duka. Abin ke nan.

Yanzu ku riƙe wannan adadi: kilomita 35,786. Duk yadda tauraro ya ƙara nisa, haka zagayensa ke ƙara daɗewa. A daidai wannan nisa, saitin layin ikwaita, zagaye ɗaya yana cin awa 23 da minti 56, daidai da juyin duniya a kan kanta. Tare suke juyawa, don haka daga ƙasa sai ka gan shi kamar a tsaye yake cak. Shi ya sa mai saita dish ke ɗaure shi sau ɗaya ya tafi abinsa. Daga can sama tauraro ɗaya yana ganin sama da sulusin doron duniya, da duk kumbon da ke gilmawa a ƙarƙashinsa. Eriyarsa ɗaya a kafe take tana kallon tashar ƙasa, sauran kuma suna bin kumbon da ke wucewa. Idan kumbon ya kusa ɓace wa wannan tauraro, sai ya juya eriyarsa ga na gaba. A wajen wannan sauyin ne wani lokaci hoton tashar 'yan sama jannati ke ɗaukewa na ɗan lokaci.

Na Amurka ana kiransu TDRS, kuma farkonsu bai zo da daɗi ba. Na farko ya tashi ranar 4 ga Afrilu 1983 cikin kumbon Challenger. Rokar da za ta ƙarasa da shi ta sami tangarɗa, ta yar da shi a hanya. Injiniyoyi suka riƙa tunkuɗa shi da 'yan ƙananan injinan da aka tanada don gyara masa zama, kaɗan-kaɗan, har ƙarshen Yuni kafin ya isa. Na biyu kuwa yana cikin Challenger ranar 28 ga Janairu 1986 da ta tarwatse da mutum 7. Da aka sami biyu suna aiki, ɗaya saitin Atilantika ɗaya saitin Fasifik, duka suna sauke saƙo a White Sands da ke jihar New Mexico, sai lissafin ya juye, magana ta kai kusan kashi 85. Giɓin da ya rage yana saitin Tekun Indiya, an toshe shi da ƙarin tauraro mai sauke saƙo a wata tasha a tsibirin Guam. Hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble ma ta wannan hanya suke saukowa.

Wani abin sha'awa, tsohon na farkon nan da ya tsufa sai ya fara lilo arewa da kudu. Ga tauraro irin wannan aibi ne, amma lilon ya sa na wasu awoyi a rana ana hango shi daga tsakiyar Antaktika, inda tauraron da ke zaune daram ba ya iya gani. Masu bincike a can suka yi shekaru suna samun intanet da shi.

Rasha tana da nata, Luch. Sin ta harba Tianlian na farko a Afrilu 2008. Turai kuma ta zo da sabon salo a 2016: maimakon rediyo, hasken leza take amfani da shi tsakanin tauraro da tauraro, yana kwasar bayanai har gigabit 1.8 a daƙiƙa daga taurarin Sentinel masu ɗaukar hoton ambaliya da gobarar daji. Na farkon waɗannan taurarin leza na Turai yana zaune a digiri 9 gabas, kusan layi ɗaya da Kano, sai dai shi saitin gaɓar tekun Gabon yake.

Wani zai ce, wannan zagaye ba ya jawo jinkiri? Yana jawowa. Hawa da sauka kusan kilomita 72,000 ne, haske kuma yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, kun ga rubu'in daƙiƙa ke nan. A ganina wannan araha ce ga wanda a da sai ya jira fiye da awa guda. Inda tsadar take shi ne taurarin kansu. Na ƙarshe cikin jerin TDRS ya tashi a Agusta 2017, kuma NASA ta ce ba za ta sake ƙera wani ba. Sabbin kumbunanta hayar layi za su riƙa yi daga kamfanoni masu zaman kansu, tsofaffin taurarin kuma su ci gaba da hidimar waɗanda suka riga suka dogara da su har ƙarfinsu ya ƙare.